Akwatin da Gwani Ya Toshe

Akwai wani mai ɗinkin kujeru da kowa ke kira Gwani. Sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Idan ya ɗora wa kujera soso ya ja mata yadi, sai ka rantse yanzu aka sauke ta daga kamfani. Hannunsa na da kyau, wannan babu mai ja. Kunnensa ne ba ya aiki. Ba kurma ba ne, gyara ne kawai ba ya shiga.

Abin kuma yana da asali.

Mahaifinsa kafinta ne, shi ya koya masa riƙon guduma. Gwani yana ɗan shekara goma sha bakwai ya haɗa kujerarsa ta farko. Kwana uku yana goge ta, sannan ya kawo ta tsakiyar shago ya dire gaban Baba. Baba ya ɗora hannu a kai, kujera ta karkata, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. A gaban mutane Baba ya ce wannan ba kujera ba ce, gurgun jaki ne, a kai ta baya a yi makamashi da ita.

Aka yi dariya. Gwani bai yi kuka ba. Ya dai ƙulla a ransa cewa daga ranar babu mahaluƙin da zai sake nuna masa kuskure a aiki.

Shekara talatin ke nan. Ya buɗe nasa shagon, ya yi suna, ya yi iyali. Manyan mutane suna aiko masa da kujerunsu. Amma ko sau ɗaya Baba bai taɓa duban aikinsa ya ce ya yi kyau ba. Gwani yana nuna abin bai dame shi ba. Ƙarya yake yi. Duk kujerar da ya gama, sai ya ɗora mata hannu ya girgiza, ya waiwaya kamar akwai mai kallo.

Su uku Baba ya haifa: Gwani ne babba, sai ƙanensa Direba, sai ƙanwarsu Auta. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa. Yayar Baba, wadda duk suke kira Gwaggo, ita ke zaune da shi tana kula da shi.

To, sai ciwo ya kama Baba a maƙogwaro. Murya ta fara dushewa, haɗiya ta zama aiki. Likita ya duba ya sake dubawa, ya tara 'ya'yan ya faɗa musu gaskiya: sai an yi tiyata nan da kwana goma sha biyu. Ana sa ran zai rayu, amma muryar ba za ta dawo ba.

Baba bai yi makaranta ba, bai iya rubutu ba. Idan muryarsa ta tafi, duk abin da ke cikinsa ya tafi da ita.

Shi da kansa ya kawo maganar. Ya ce yana da saƙo ga kowane ɗa, kuma ba zai iya faɗa ido cikin ido ba, don shi ba mutumin zaƙin baki ba ne. A kawo abin ɗaukar murya, a fita a bar shi shi kaɗai. Kowa ya saurari nasa bayan tiyata. Zai fara da ƙarama ya ƙare da babba.

Gwani ya ji "ya ƙare da babba". Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Sun fara gwadawa da waya. Waya ta ɗauko carar zakara, ta ɗauko babur ɗin maƙwabci, ta ɗauko tarin Gwaggo. Muryar Baba kuwa sai ka kasa kunne kamar mai sauraron tafiyar tururuwa.

Auta sana'arta gyaran sauti ce, ita ke tace wa masu talla muryoyinsu kafin a sa a rediyo. Tana da makirufo mai kyau wanda ko numfashi yana kamawa, amma sai an jona shi da kwamfuta. Kwamfutarta kuwa tsohuwa ce, ƙatuwa kamar ƙaramin firji. Da ƙyar aka shigo da ita ɗakin Baba, ta cinye hanyar da Gwaggo ke bi ta kai masa ruwa. Da aka kunna ta, fankokinta suka ɗauki ruri kamar injin niƙa.

Baba ya dube ta, ya dubi Auta. Ya ce ko shi ko ita, ba zai yi gasar murya da inji ba.

Auta ta daɗe tana tara kayan cikin sabuwar kwamfuta, akwatin da za a zuba su ne kawai ya rage. Ta auna kantar da ke jikin bango kusa da gadon Baba, ta rubuta tsawo da faɗi a takarda. Abin da take nema a bayyane yake: akwati ƙarami da zai zauna a kantar, marar ƙara, wanda kuma ba zai yi zafi ba ko an bar shi a kunne rabin yini.

Gwani ya ce shi zai kai ta wurin mai haɗa kwamfuta. A gidan ba a yanke shawara babu shi.

Mai haɗa kwamfutar wani siriri ne mai tabarau, ana ce masa Injiniya. Shagonsa na saman bene, ƙarami, yana warin dalma, ko'ina wayoyi a rataye. Yana magana a hankali, yana tsayawa ya yi tunani kafin ya ba da amsa. Gwani ya ɗauki wannan a matsayin rashin sani. Akwai mutanen da in ba ka yi musu ihu ba, ba sa yarda ka iya.

Injiniya ya karanta takardar Auta, ya tambaye ta wane irin aiki za a yi, kuma ɗakin yana da iska ko babu. Sannan ya sauko da akwati biyu ya jera a tebur.

Na farko baƙi ne, ba shi da wani ado. Gabansa raga ce mai ƙananan huji, bayansa da samansa ma haka. Zai shiga kantar, har a sami tafin hannu ɗaya a bayansa.

Na biyu ɗan mitsitsi ne, rabin na farko, fari, sumul, yana ƙyalli kamar madubi. Huji ɗaya ne a bayansa, sai wasu 'yan tsaga a ƙasa.

Injiniya ya dafa baƙin ya ce wannan ne nasu. Ya yi bayani cewa kayan ciki suna fitar da zafi kamar jikin mai zazzaɓi, dole iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya. Baƙin yana ɗaukar manyan fankoki biyu, kuma babbar fanka ba ta gudu, a hankali take juyawa ta kwashe zafi, shi ya sa ba a jin ta. Farin kuwa ƙaramar fanka kawai ke shiga cikinsa. Ƙarama sai ta yi gudun ceton rai kafin ta yi aikin babba, gudun nan shi ne kukan da suke gudu. Farin yana da amfaninsa, ga mai ɗan rubutu a ɗaki mai sanyi. Ba na wannan aikin ba ne.

Gwani ya yi murmushi irin na wanda ya kama yaro yana ƙarya.

"Malam, ta ina ƙara ke fita?"

"Ta ko'ina, Yallaɓai."

"Ta huji take fita. Ka kawo mana rariya ka ce ita ce marar ƙara? Shekara ashirin ina toshe ƙara. Ƙofofin ofis nawa na lulluɓe da soso, ana faɗa a ciki na waje bai ji ba?"

Injiniya ya ce gaskiya ne, soso yana shanye ƙara, amma ƙofa ba ta cin wuta. Shirun inji daga sanyi yake zuwa, ba daga toshewa ba.

Auta ta ja hannun rigar yayanta, ta ce a hankali, "Yaya, aikinsa ne fa."

Kalmar nan ce ta ɓata komai. Gwani ya ji kamar an mayar da shi tsakiyar shagon Baba, mutane suna dariya. Ya ce a zuba kayan a farin, magana ta ƙare, sauran aikin ya san yadda zai yi da shi.

Injiniya bai yi musu ba. Ya haɗa, ya gwada, ya miƙa musu. Abu ɗaya ya roƙa: kada a jingina shi da bango, kada a ɗora masa komai, kuma don Allah kada a rufe hujin baya. Da suka juya za su fita, Auta ta ga ya ɗauki baƙin akwatin, bai mayar da shi sama ba, ya tura shi ƙarƙashin teburinsa.

A gida aka ɗora farin a kanta. Ya yi kyau, wannan gaskiya ne. Direba ma da ya shigo sai da ya duba fuskarsa a jiki ya gyara hula. Amma da aka kunna, bayan ɗan lokaci sai ga wani siririn kuka kamar na sauro a kunne.

Washegari Auta ta tafi aiki. Gwani ya zo da almakashi, da gam, da guntayen soso mai kauri irin na kushin. Ya zauna a tsakar gida ya buɗe akwatin, yana yanka yana mannawa a kowane gefe, da tsafta, babu ko tsaga. Aiki ne na gwani, ba a ƙwace masa wannan ba.

Gwaggo tana gefe tana wanke kofunan maganin Baba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye shi me abin nan yake ci.

Ya ce wuta.

"Abin da ke cin wuta kake toshe wa hanci? Ko kurfoti sai an bar masa ƙofar iska."

"Gwaggo, wannan ba girki ba ne."

"Na sani. Girki in ya ƙone a ɗora wani."

Ya ɗaure sukurorinsa ya mayar da akwatin kanta.

Da Auta ta dawo ta kunna, kukan sauro ya ragu sosai. Gwani ya faɗa mata abin da ya yi yana shafa gemu. Ranta ya ɓaci, ta ce a cire, ya ce gani ya kori ji, ba ga shi ya yi shiru ba? Kwanaki kuma suna tafiya, likita ya hana Baba magana sai da safe, saboda haka ta haɗiye.

Ranar farko ta Auta ce. An tashi da ruwan sama, gari ya yi sanyi. Ta saita makirufo kusa da bakin Baba, ta danna, kowa ya fita. Minti ashirin ya buga sandarsa a ƙasa alamar ya gama. Ta shiga ta adana. Lafiya lau.

Gwani ya ce a gaishe masa da Injiniya.

Baba ya huta kwana biyu, sannan aka zo kan Direba. Ranar rana ta buɗe. Baba ya yi kusan minti arba'in. Da Auta ta shiga, ƙaramar fankar tana ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa, jikin akwatin kuma ba ya taɓuwa. Ta adana da sauri ta kashe. Baba ya ce da wannan kukan ya ƙarasa, ya kusa jifan abin da sanda, kuma in haka zai yi ranar babban, shi ba zai buɗe baki ba.

Auta ta ce gobe da sassafe za ta mayar wa Injiniya. Gwani ya ce babu lokaci, saura kwana huɗu, kuma ranarsa ce, shi zai gyara abinsa. Ta ce ba ta yarda ba. Ya ce tun tana cikin zani yake riƙe da sukudireba.

Ku duba nan da kyau, ku masu karatu. Alamar farko ta zo. Na'ura ta yi kuka, ta yi zafi, ta faɗi ciwonta da iyakar bakin da take da shi. Mai hankali zai ce wataƙila ni ne ban gane ba. Gwani kuwa abin da ya gano shi ne soson bai isa ba.

Ranar tasa, tun kafin Auta ta iso, ya zo ya sauke akwatin. Ya cusa soso a hujin baya, ya manne tsagogin ƙasa. Ya kunna, har yanzu yana jin fankar. Sai ya bi siririyar wayarta da yatsa, ya zare ta.

Tsit. Ko motsi babu.

Ya tsaya yana sauraron shirun nan, ransa fari ƙal. Ya mayar da akwatin, ya juya bayansa ga bango yadda ba za a ga soson ba.

Auta ta iso a makare saboda cunkoson hanya. Ta kunna, ta ji shiru, ta dube shi da tambaya a ido. Ta taɓa jikin akwatin ta ji sanyi, don yanzu aka kunna. Ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya ɗaga mata hannu. Ya riga ya zauna, Gwaggo ta sa masa wankakkiyar riga, ya sha ruwan ɗumi. Ya ce muryar safe ba ta jira, su fita.

Suka fita, aka ja ƙofa.

Gwani ya zauna a benci a tsakar gida. Minti ashirin ya wuce, sanda ba ta buga ba. Arba'in ya wuce. Sa'a guda. Ta bayan ƙofa ana jin ɗan gunaguni, a tsaya, a yi tari, a ci gaba. Direba ya zungure shi ya ce lallai laifinka da yawa, Yaya, tsoho lissafi yake yi tun daga yaye. Gwani ya yi dariyar yaƙe. Shekara talatin yana jiran abin da ake faɗa a bayan ƙofar nan.

Sai da aka yi sa'a ɗaya da rabi sanda ta buga.

Auta ta fara shiga, Gwani na bin ta. Baba yana jingine da filo, ya jiƙe da zufa, amma fuskarsa a sake kamar wanda ya sauke kaya daga doguwar tafiya. Ya motsa baki, da ƙyar sauti ya fito: "Na gama. Na sauke."

Auta ta juya wurin kantar. Tana tsaye gaban allon kwamfuta, allon kuma baƙi ƙirin. Ɗakin yana wani ɗan wari kamar an bar dutsen guga a kan katifa. Ta kai hannu jikin akwatin ta janye da sauri. Ta juya shi, ta ga soson da ya toshe hujin ya yi laushi ya manne.

Ta dubi yayanta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Aka fitar da akwatin tsakar gida ya huce. Da ya yarda ya kunnu, ta duba ta sake dubawa. Na Auta yana nan, na Direba yana nan. Na Gwani babu. Zafi ya sa na'urar ta ɗauke tun farkon maganar, kafin a adana komai. Tsoho ya yi fiye da sa'a guda yana zuba abin da ke cikinsa, da ragowar muryar da Allah ya bar masa, a gaban mataccen ƙarfe.

Direba ya cire hula ya fice waje. Auta ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Gwaggo ta ce wanda ya ɗaure akuya shi ke kwance ta, Gwani ya shiga ya faɗa wa ubansa da bakinsa.

Ya shiga ya durƙusa gefen gado. Ya faɗa. Bai ɗora wa wutar lantarki ba, bai ɗora wa Injiniya ba, wannan ɗaya dai ya yi daidai. Ya ce shi ya toshe, shi ya zare wayar fankar, an hana shi bai ji ba.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Sai ya juya fuskarsa bango.

Saura kwana biyu.

Gwani ya rungumi farin akwatin ya hau benen Injiniya. Matakalar nan da ya hau ranar farko yana taƙama, ranar sai da ya huta sau biyu. Ya shirya jin "ai na faɗa maka". Ya ma fi so a faɗa, ko ya sami abin da zai ji haushi ban da kansa.

Injiniya ya buɗe akwatin ya ga soso jere reras, kowane lungu an bi shi. Ya gyara tabarau ya ce ɗinki ya yi kyau. Sannan ya tambayi jikin tsoho.

Nan idon Gwani ya kawo ruwa. Ya ba shi labari duka. Injiniya ya saurara har ƙarshe, ya gwada ko zai iya tono abin da ya ɓata, ya ce babu, abin da ba a adana ba ba a tono shi. Amma kayan ciki ba su ƙone ba, na'urar ta ɗauke ne don ta tsira. Ya sunkuya ya jawo baƙin akwatin daga ƙarƙashin tebur, ya hure masa ƙura.

"Ka ajiye shi ne?"

"Na ce ko za a dawo. Da ba a dawo ba, da na fi murna."

Ya ture aikin da ke gabansa. Ya miƙa wa Gwani ƙaramin buroshi ya ce ya kankare narkakken soson da ya manne a jikin kaya, tunda hannunsa ya fi nasa sanin gam. Gwani, mai shago da suna, ya zauna a ƙaramar kujera yana kankara, yana miƙa sukurori idan an tambaya. Karo na farko cikin shekara talatin ya ce da wani, "Nan zan sa, ko can?"

Aka ɗaura manyan fankoki biyu, ɗaya a gaba tana jawo iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Injiniya ya kunna, ya ba na'urar aiki mai nauyi, ya ce su bar ta sa'a biyu su gani. Gwani ya kasa kunne bai ji komai ba, har ya zaci ta sake ɗaukewa. Injiniya ya kama hannunsa ya kai bayan akwatin. Iska mai ɗumi tana fita a hankali, kamar numfashin mai barci.

Na'ura ta gyaru. Amma muryar da za ta ɗauka fa?

Washegari Baba bai iya ko amsa gaisuwa ba. Da aka ɗora baƙin akwatin a kanta, ya ɗaga hannu alamar a fitar da shi. Auta ta roƙa, Direba ya roƙa, ya rufe ido. Gwani bai roƙa ba, ba shi da bakin roƙo. Ya zauna a bakin ƙofa yini guda.

Safiyar tiyata, mota na jira a waje, Gwaggo ta shiga ɗakin ƙanenta ta tsaya masa a kai. Ba ta rage murya ba, kowa ya ji.

"Kai ma ka ji kunya. Yaro ya toshe akwati 'yan kwanaki, kai ka toshe bakinka shekara talatin. A wurin wa ya koya? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In ka shiga ɗakin likita da maganar nan a ciki, da ita za a binne ka."

Can sai sanda ta buga a ƙasa sau ɗaya.

Auta ta shiga ta matso da makirufo har yana kusan taɓa leɓensa, ta danna, ta fito. Ba a yi minti uku ba sanda ta sake bugawa. Ta shiga da gudu. Allo yana haske, akwati da sanyinsa. Ta adana a wuri uku.

An yi tiyata, Baba ya rayu. Muryar ta tafi kamar yadda likita ya faɗa.

Bayan mako guda Auta ta kira yayanta, ta sa masa abin sauraro a kunne, ta fita ta ja ƙofa.

Da farko babu komai. Babu ruri, babu kukan sauro. Sai numfashi, mai nauyi, yana kartar maƙogwaro. Sannan raɗa, siririya ƙwarai, wadda da akwai ko ƙaramar ƙara a ɗakin da ta haɗiye ta.

"Babba. Kujerar nan taka ta farko. Ba ta karkace ba. Daɓen shagon ne ya lotsa a wurin. Na gane tun washegari, da na ɗora tawa ita ma ta karkata. Na kasa faɗa maka."

Tari. Dogon numfashi.

"Ban ƙona ta ba. Tana ɗakin ajiya, bayan katakai. Ka fi ni hannu tun ranar. Ka yafe mini."

Sai wani shiru, har Gwani ya zaci ya ƙare.

"Sauran na faɗa wa bango."

Shi ke nan. Minti biyu da 'yan daƙiƙu.

Gwani ya je ɗakin ajiya ya janye katakai. Tana nan, ƙura ta rufe ta, gizo-gizo ya yi gida a ƙafafunta. Ya fito da ita ya dire a kan siminti mai kyau, ya ɗora hannu ya girgiza. Ko gezau.

Ya goge ta ya kai ɗakin Baba, yanzu a kan kujerar tsohon yake zama ya sha iska da yamma. Wani lokaci Gwani yakan zauna a ƙasa kusa da shi ya tambaye shi, Baba, ranar nan me da me ka ce? Baba yakan buɗe baki, ya motsa hannu, ya nuna sama ya nuna ƙirji, sannan ya gaji ya sauke hannun.

Na Auta minti ashirin ne, tana saurara duk ranar da ranta ya ɓaci. Na Direba arba'in, har 'ya'yansa sun haddace. Gwani ne aka yi wa mafi tsawo, sa'a ɗaya da rabi, kuma babu mai rai da ya ji shi. Farin akwatin yana shagonsa a saman kanta, bai yar ba, bai sayar ba. Idan wani ya ce kai, wannan abu da kyau yake, sai ya ce masa, ɗauko ka leƙa bayansa.

Darasi: Gwanintarka a sana'arka ba ta mayar da kai gwani a ta wani ba. Idan mai aiki ya ce kada ka rufe huji, kada ka rufe, ko da ba ka gane dalili ba. Abin da ke kuka, nemi ciwonsa, kada ka toshe masa baki, inji ne ko mutum. Ku kuma iyaye, kalmar da kuka san ɗanku yana jira, ku faɗa masa yau da muryarku tana nan, don ba kowa ake ba minti biyun ƙarshe ba. Girman kai rawanin tsiya ne. Ku tura wa duk mai taurin kunnen da kuka sani, amma kafin nan ku sake karantawa, kada ya zama da ku ake.